Mai Ƙafa Uku a Filin Alhaji Bala

Ummi, ke da ƙaninki Abba kun tashi kuna jin labarin nan daga bakin Goggo Rabi, kuma ban taɓa tsayawa na gyara mata ba, saboda yayata ce, sannan duk lokacin da na buɗe baki sai in ga kamar akwai wani gefen zancen da ban gama aunawa ba. Abin da take faɗa shi ne wai mahaifiyarku ce ta janye ni daga aikin kamfani ta bar ni a bakanike, wai ba don ita ba da tuni ina ofis mai sanyi, da ke Ummi ba a mayar da ke Kano kin yi firamare a hannun kaka ba. Rabin maganar gaskiya ne. An mayar da ke, aikin kuma ya wuce ni. Amma ba ita ta jawo ba. Zan faɗi abin yadda na san shi, inda na yi shakka kuma zan ce na yi shakka.

A shekarar muna zaune a Dubai, a unguwar Hor Al Anz, ɗaki guda a gidan da muke rabawa da wasu iyalai biyu, kicin ɗaya, kowace mace da lokacin girkinta. Ina aiki a unguwar Ras Al Khor, a filin motocin Alhaji Bala, mutumin Kano mai sayen motoci a gwanjo yana loda su a kwantena zuwa gida. Aikina in duba mota kafin a loda ta, in faɗi lafiyarta. Na karanta injiniyan injuna a jami'a, kuma ina jin karatun ya ƙara mini tsoron da na zo da shi duniya, domin wanda ya san hanyoyin da ƙarfe ke karyewa ba ya saurin cewa komai lafiya. Alhaji yakan ce bai taɓa jin na yabi mota ban ƙara da "amma" ba, har ya sa mini suna Injiniya Amma, sunan ya bi ni filin gaba ɗaya. Filin nan yana da doka guda wadda ba a rubuta ba, kowa kuma ya san ta. Motar da ta hau gangaren katako ta shiga kwantena da ƙafarta, mota ce, za ta isa Kano a mota. Wadda sai an tura ko an ɗaga, ƙarfe ce, sai a kira Gulu. Gulu wani Bafatane ne daga duwatsun Pakistan, sunansa na yanka ya fi haka tsawo, 'yan Kano suka gajarta masa. Da injin yankansa yake raba mota gida biyu ko huɗu a cusa ta a lungunan da suka rage, a sayar a kayan gyara. Ba mugunta ba ce. Wuri a kwantena tsada gare shi, ba a ba mataccen abu shimfiɗar mai rai.

Wata rana Alhaji ya sayi motocin wani wurin baje kolin motoci da aka rufe, duka a dunƙule, sai aka kawo su da wani abu a bayan tirela wanda babu wanda ya yi cinikinsa. Ƙafa uku gare shi, biyu manya a baya, ƙarama ɗaya a gaba, duka masu siraran wayoyi kamar na keke. Babu rufi, babu ƙofa, sai benci da aka lulluɓe da baƙar fata. A madadin sitiyari wani ɗan hannu ne a tsaye kamar na injin markaɗe. A baya kuma inji mai fistin ɗaya yana kwance, da wani babban faifan ƙarfe a shimfiɗe, da tukwanen tagulla da suka dushe. Alhaji ya zagaya shi sau biyu hannunsa a baya.

"Injiniya, wannan ai kakan adaidaita sahu ne. Ina aka tono shi?"

"Ranka ya daɗe, ina jin kwafi ne na ɗaya daga cikin motocin farko masu amfani da fetur. Ban ce ita ce ta asali ba, ta asali tana gidan tarihi a ƙasar Bajamushen da ya ƙera ta. Amma kamar an yi wannan don ta yi aiki, ba don ado kawai ba."

"Tana tashi?"

"Wataƙila. Sai na duba."

"To duba. Kwantena ta ƙarshe kafin in koma gida, in ta shiga da ƙafarta in kai wa jikokina su yi dariya. In ba ta shiga ba, tayoyin na masu gyaran keke ne, tagullar kuma akwai masu so a kasuwar Kurmi."

Gulu yana gefe yana shan shayi, ya ɗaga kofinsa ya yi wa motar murmushi kamar mahauci ya ga rago.

Daga ranar na shiga wani hali da ban taɓa shiga ba. Lokacin hutun rana, sa'adda zafi ke korar kowa zuwa ƙarƙashin na'urar sanyi, sai in zauna a kwamfutar ofishin Alhaji ina neman labarin Bajamushen da ya ƙera ta asali. Da farko zanen injin nake nema, sai na ga mutumin ya fi injin riƙe ni. Yadda na karanta, kuma Allah ne masani, domin masu tarihi ma suna jayayya kan wanda ya riga wani a wannan fage, mahaifinsa direban jirgin ƙasa ne, ya rasu ya bar shi yana ƙarami, uwa ce ta yi wahala ta sa shi a makaranta. Ya yi aiki nan da can bai zauna ba. Ya buɗe maƙera da wani abokin tarayya da bai riƙe amana ba, har sai da yarinyar da zai aura ta sa dukiyar aurenta aka sallami mutumin. Ya yi shekaru yana fama da inji ɗaya, mutanen gari suna masa kallon wanda ya zauce. Ƙafa uku ma ya yi mata ne saboda bai gamsu da yadda zai juya tayoyi biyu a gaba ba, ya gwammace ya rage taya da ya saki abin da bai tabbatar ba. Da na kai nan sai na ɗaga kai na duba ko wani na kallona, don ji na yi kamar ana ba da labarina a gabana. Motar ta tashi, ta yi 'yan zagaye a kusa da maƙerarsa, amma ya ƙi yarda ta yi nisa. Kullum akwai abin da ya rage. Sai wata safiya matarsa ta ɗauki 'ya'yansu maza biyu, suka tura motar a hankali har suka yi nesa da gida kada ƙara ta tashe shi, suka tayar, ta kama hanyar garin mahaifiyarta, tafiyar yini guda a hanyar da ba a yi ta don mota ba. Inda bututun mai ya toshe ta zare allurar hularta ta buɗe. Inda birki ya cinye ta tsaya wajen baduku ya buga masa fata. Inda tudu ya fi ƙarfin injin suka sauka suka tura. Na yi ta tambayar kaina, shi fa da ya farka ya ga wurin motar wayam, me ya fara ji? Tsoron kada iyalinsa su halaka, ko tsoron kada motar ta ba shi kunya, ko kuwa wani sauƙi ne da ba zai iya faɗa wa kowa ba, cewa an ɗauke masa yanke shawara? Babu inda na ga an amsa wannan.

Ita kuwa tamu ta ƙi tashi. Na wanke komai, na gyara wayar wuta, na tabbatar tartsatsi na fita. In na zuba sabon mai na kama faifan nan na juya da hannu biyu, sai ta yi tari sau biyu ko uku, ta ba ni rai, ta mutu. Na ce ko man ne ba shi da kyau, na je gidan mai na sayo wanda ya fi tsada. Haka. Na canza gidan mai, na tace da ƙyalle, na sake sayo mai tsadar. Mu da muke zaune a ƙasar fetur, ba ya zuwa mana a rai cewa mafi kyawun man gari zai iya zama bai dace ba. Makonni suka tafi a haka, motocin filin suna raguwa, Gulu yana wucewa yana cewa, "Injiniya, halas, ta ƙare? Ni a shirye," cikin Larabcinsa da ya cakuɗa da Hausar da ya tsinta.

A tsakiyar wannan ne wani kamfanin haɗa manyan motoci a Dubai Investments Park ya kira ni ganawa. Na daɗe ina nema. Aikin mai duba inganci ne, wato a biya ni don in ce "amma", ga gida, ga kuɗin makarantar yaro. Ke Ummi kin isa shiga firamare, albashin Alhaji kuma ba zai ɗauki makarantar Dubai ba, mun san haka ni da mahaifiyarki ko da ba ma faɗa. In na samu aikin, kina tare da mu. In ban samu ba, sai Kano.

Wata Juma'a bayan an sauko, muna cin shinkafa da wake da mai da yaji a kan tabarma, kina gefe kina jera murafun kwalba, nake ba mahaifiyarku labarin matar Bajamushen, don kullum sai na kawo mata wani guntu kamar mai kawo tsaraba. Na zo inda mai ya ƙare mata a hanya ta tsaya a kemis ta saya.

"Tsaya, Baban Ummi. Kemis? Me ya haɗa mai sayar da magani da man mota?"

"Ai lokacin babu gidan mai. Motar ma ita kaɗai ce a hanyar."

"To shi mai kemis ɗin wa yake ajiye wa, tunda babu mota?"

"Mata ne ke saye, ina jin. Suna cire maiƙo daga tufafi da shi."

Ta yi dariya ta ce, "Lallai matan da suna da haƙuri. Ni rigarka in fetur ya taɓa ta sai na yi wanki biyu warin bai fita ba."

Na tsaya da cokali a hannu. Na karanta wannan wurin ya fi sau goma ina ɗaukarsa abin dariya na zamanin da. Abin da ake goge tufafi da shi dole ya zama mai bushewa nan take, ba ya barin wari ba ya barin maiƙo. Injin nan kuwa ba shi da kafireta irin tamu mai fesa mai. Tukunya ce kawai, iska na bi ta saman man tana kwasar tururinsa zuwa cikin inji. Fetur ɗin gidan mai gauraye ne, akwai mai sauƙi akwai mai nauyi, zafin Dubai na kwashe mai sauƙin cikin ɗan lokaci, shi ne tarin nan biyu ko uku, sauran ya kwanta a tukunya ba ya tashi. Na bayyana mata duk wannan da murafun kwalbarki, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in ci abincina ya huce.

Na fara da mai wankin da ke ƙasan gidanmu, mutumin Kerala. Ya ba ni ɗan ruwan da suke amfani da shi, na gwada a bayan gida da ashana, ya ƙi kamawa, ashe na zamanin yanzu an yi shi ne don kada ya kama. Na yi yawo a kasuwar Deira shago shago ina bayani ana kallona, har wani ya tura ni wajen masu sayar da kayan kwana a sahara, tanti da fitilu. A can na samu farin man da suke zuba wa ƙaramin risho. Na ɗiga a tafin hannu, kafin in kai hanci ya bushe, sai sanyi. Washegari na juye tsohon man, na zuba wannan, na ɗaga ƙafafun baya a kan jak, na yi bismilla na juya faifan. Ta yi tari, ta sake, sai ta kama. Tuf, tuf, tuf, a hankali, kamar mace ɗaya tana daka ba ta gaggawa. Duk filin aka taru. Benci yana rawa, tagulla tana rawa, tayoyi suna juyawa a iska. Na tsaya ina kallon fistin ɗin nan yana shiga yana fita a fili, babu abin da ya ɓoye shi, na ce a raina ashe duk motocin da suka cika titin nan daga wannan bugun suka fito.

"Yalla, maza, Injiniya!" in ji Alhaji. "Sauke ta mu gani."

"Ranka ya daɗe, ta tashi, amma fatar birkin ta bushe, ban san ko za ta riƙe ba. Akwai wayoyi biyu a tayar hagu da ban yarda da su ba. Man nan kuma a wannan zafi, in ya zuba a kan ƙarfe mai zafi..."

"Na ji. Yaushe?"

"In za a ba ni zuwa kwantena ta gaba."

"Babu ta gaba, na faɗa maka. Jibi da safe tirela za ta zo, in rufe in tafi. Ba ni da inda zan bar ta, mai filin ya ba wani haya. Ka san doka."

Jibin nan ita ce safiyar ganawata. Na kwana biyu ina shafa wa fatar birki mai, ina ɗaure wayoyi, ina tayarwa a kan jak ina kashewa, ban sauke ta ƙasa ba ko sau ɗaya. Duk lokacin da na kama hannun jak ɗin sai in tuna wani abu da ban duba ba. Ranar da za ni, mahaifiyarku ta goge mini kwat ɗin da na yi bikin kammala jami'a da shi, ta miƙo mini, ta ga ina kallon takalman aikina a bakin ƙofa. Ga abin da ta ce, kuma wannan ban yi shakkarsa ba ko kaɗan:

"Ka tafi inda aka kira ka. Mota ƙarfe ce, Ummi mutum ce."

Na ce haka ne. Na shiga tasi da wuri, don ban taɓa zuwa ko'ina a makare ba. Hanyar ta bi ta gefen Ras Al Khor, inda fadamar nan take, tsuntsayen nan masu dogon wuya, fari da ja-ja, suna tsaye a ruwa kowanne a ƙafa ɗaya. Ina kallonsu ina maimaita amsoshin da na shirya, sai tunanin Bajamushen ya shigo. Shi an ɗauke masa motar an kai ta hanya, ya rayu ya san amsa. Tawa kuwa kafin azahar za ta zama gunduwa huɗu, kuma har in mutu ba zan san ko za ta iya tafiya a ƙasa ba. Kada ku ɗauka jarumta ce ta taso mini, ban san ta ba. Son sani ne kawai, irin wanda ke sa yaro ya buɗe rediyon babansa ko da ya san za a doke shi. Na ce wa direba ya karya dama. Na gaya wa kaina kallo ɗaya zan yi in wuce, kuma wataƙila a lokacin na yarda da hakan.

Da na shiga filin sai na tarar da abin da ban taɓa gani ba. Tirela ta zo, kwantena a buɗe, gangaren katako a jingine. Gulu na tsaye da injin yankansa a hannu, waya a jone, yana kallon ƙasa. Ma'aikata sun ja baya sun yi cirko-cirko. A kan bencin motar kuwa mahaifiyarku ce zaune da hijabinta ruwan toka, jaka a cinya, kamar mai jiran bas. Ta bar ki wajen maƙwabciya ta biyo bayana da wata tasi, ba don ta same ni ba, don ta roƙi Alhaji ya ɗaga wa motar ƙafa zuwa yamma in dawo. Ya ce tirela ba ta jira. Sai ta hau ta zauna. Ku da kuka tashi a nan wataƙila ba za ku gane nauyin wannan ba. Filin maza ne zalla, babu wanda zai taɓa matar wani, babu wanda zai ɗaga mata murya, Alhaji kuwa ya girme ta nesa, kunya ba za ta bar shi ya ce a sauke ta ba. Yana tsaye daga ɗan nesa, hula a hannu, yana fifita da ita.

"Hajiya, don girman Allah. Rana tana yi. Ki shigo ofis a kawo miki lemo."

"Na gode, Baba Alhaji. Nan ma da iska."

Sai ta hango ni. Ban taɓa ganin fuskarta ta canza haka ba.

"Me kake yi a nan?"

"Ke me kike yi a nan?"

"Ni zama nake yi, ba wanda ke jirana. Kai ana jiranka. Juya, mai tasin bai tafi ba. Zan zauna har ka dawo, ko zuwa magariba ne."

Na duba agogo. Akwai lokaci, Ummi. Wannan shi ne abin da nake so ki riƙe daga duk rubutun nan. Da na juya a lokacin da na isa, kuma na san mahaifiyarki, da ta zauna ɗin. Amma na ga mai tirela yana buga ƙofar motarsa, na ga gumi yana bin fuskarta tun rana ba ta yi tsaka ba, na ga kuma ko na dawo da yamma zan sami wani abin da ban duba ba. Na sallami mai tasi. Na tuɓe kwat na miƙa wa Gulu, ya karɓa da hannu ɗaya, injin yanka a ɗayan. Na kama jak na sauke ta, tayoyin suka taɓa ƙasa.

"Ki sauka," na ce, "ban san ko birkin zai riƙe ba."

"Tunda ka ɓata mini guga, ba inda za ni. Tuƙa."

Na cika tukunyar ruwa, don ba ta da lagireto, ruwan tafasa yake yi ya tashi a sake zubawa. Na juya faifan, ta kama a karo na biyu. Na hau kusa da ita, na riƙe ɗan hannun nan, na tura sandar da ke ɗora bel a hankali. Motar ta yi kamar tana tunani, sannan ƙasa ta fara tafiya a ƙarƙashinmu. Ba gudu ba ne, mai sauri a ƙafa zai wuce mu. Amma na tuƙa motoci iri-iri a rayuwata, ban taɓa jin tafiya a jikina kamar wannan ba, kowane bugun fistin yana zuwa ta benci ya shiga ƙashin baya. Muka zagaya filin tsakanin gawarwakin motoci, tururi na tashi a bayanmu, ma'aikata na bin mu suna ihu da harsuna biyar. Na ja birki don gwaji, fatar ta yi ƙara ta yi wari, ta riƙe. Mahaifiyarku ta riƙe hijabinta da hannu ɗaya tana dariya, ko da yake daga baya ta ce ba ta yi ba. Kai ma Abba ka hau motar nan, sai dai a lokacin mu kanmu ba mu san kana tafe ba.

Saura gangare. Muka nufe shi mu biyu, ta hau kamar taku uku, bugun ya yi nauyi, ta tsaya, ta fara dawowa baya. Na ja birki muka sauko lafiya. Mahaifiyarku ta sauka da kanta ba tare da na ce komai ba. Na koma can ƙarshen fili na taho da duk ƙarfin da take da shi, wanda bai kai na doki ɗaya ba. Ta hau, ta wuce rabi, tayar gaba ta kusa leɓen kwantena, sai bugun ya fara rarrabewa. Tuf. Shiru. Tuf. Na san in ta mutu a nan shi ke nan, doka doka ce, kuma ba ni da bakin roƙo. Sai na ji wani nauyi ya zo daga baya, motar ta ɗaga, tayar gaba ta haye, na baya suka biyo, duhun kwantena ya rufe ni, ƙarar injin ta cika shi kamar ganga. Na kashe na waiwaya. Alhaji Bala ne a kan gangare, ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa, yana haki, tafukansa baƙi ƙirin da maiƙo.

"Haji!" in ji Gulu, kwat ɗina har yanzu a hannunsa. "Tura mota mamnu', an hana! Kai ka ce!"

"Rufe mini baki, Gulu. Wa ya tura? Jingina na yi, tsufa ne."

Na tsiyaye man tas kafin a rufe, na ɗaure ta da igiya ta ko'ina, na sake dubawa har mai tirela ya yi fushi. Da na kira kamfanin rana ta yi tsaka. Matar da ta ɗauka ta yi mini magana da ladabi, ta ce masu jira suna da yawa, an riga an wuce sunana. Na sake nema a shekarun da suka biyo, wurare da dama, irin wannan damar ba ta dawo ba. Labarin motar ya zaga Ras Al Khor ta bakin Gulu, wani dattijo Balarabe mai tara tsofaffin motoci ya aiko a kira ni in gyara masa su, daga nan wani ya gaya wa wani, shi ne aikin da kuka tashi kuka same ni a ciki. Ya ciyar da mu, kuma ina son sa. Amma bai zo da wuri ba, ban kuma ce ya biya abin da ya ci ba. Kafin shekara ta ƙare na raka ki filin jirgi da 'yar jakarki mai hoton kyanwa, wata 'yar garinmu ta riƙe hannunki, kina waiwaye kina tambaya ko gobe za mu biyo ki. Mahaifiyarki ba ta yi mini magana a tasi ba har muka isa gida, kuma tana da gaskiya.

Bajamushen nan, an ce da matarsa ta dawo ta gaya masa motar na bukatar ƙaramar giya don hawa tudu, ya saurara ya ƙara. Ya tsufa ya ga tituna sun cika da abin da ya ji tsoron fitarwa. Har yau ina son in san ko ya taɓa tambayarta dalilin da ya sa ba ta tashe shi ba a safiyar. Ni dai na tambayi tawa, bara, bayan Goggo Rabi ta sake maimaita zancenta a waya mahaifiyarku tana ji. Na ce me ya sa shekara da shekaru ba ta taɓa kare kanta ba.

"In ce mata me? In ce kai ka sallami tasi da bakinka, ba wanda ya sa ka? Wa zai yarda? Ni kaina da nake wurin sai da na sake kallonka."

To ga shi na rubuta, ko a yarda ko kada a yarda. Motar tana Kano a gidan marigayi Alhaji, babban ɗansa ya ce tana ƙarƙashin rumfa an rufe ta da tamfol. In kun je ku ce ni na turo ku, a buɗe muku. Kada ku bari kowa ya zuba mata man gidan mai. Ke kuma Ummi, ki hau ki zauna a gefen hagu inda mahaifiyarki ta zauna tana cewa in juya. Shekarun da kika yi nesa da mu, in kina neman wanda za ki tambaya, ba ita ba ce. Ni ne na sauke jak ɗin.